Ƙasar ce ko sunan? Amsa kan gandayen inabi na Bordo

Ƙanena, ka ce a karatunka na tattalin arzikin noma kana ta cin karo da kalmar terroir, wato tasirin ƙasar wuri da yanayinsa a kan abin da aka noma, da kuma jerin darajar gandayen inabi na Bordo, a Faransa, na shekarar 1855, kuma abin ya ɗaure maka kai. Gonaki biyu, 'yar hanya ce kawai ta raba su, amma kwalbar giyar wannan ta ninka ta wancan kuɗi sau goma ko fiye. Ka tambaya ko da gaske ƙasar ce ke yin wannan aiki, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce aka yi mata ado.

Bari in fara da faɗin matsayina. Ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, hukuncinta kuwa ka san shi ba sai na faɗa maka ba. Ilimin ƙasar noma ne ya kai ni wancan yanki, domin da wuya ka sami wani wuri a duniya da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana rubuta abin da kowace gona ta bayar da kuma kuɗin da aka saye shi, kamar yadda aka yi a can. Saboda haka duk abin da zan ce game da ɗanɗano, daga bakin masu sana'ar na ji shi. Abin da zan ce game da ƙasa kuwa, na gani da idona, na taɓa da hannuna.

Amsar a dunƙule ita ce tasirin ƙasa gaskiya ne, ana iya auna shi, amma jerin 1855 farashi ya auna. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa su kira su da suna ɗaya: ƙasar da aka dasa, irin da aka dasa, da sunan gandun da ya sayar. In ka raba su, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Bordo tana kudu maso yammacin Faransa, kusa da tekun Atlantika. Koguna biyu ne suka tsara yankin. Garonne yana gangarowa daga duwatsun Pyrénées, Dordogne kuma daga tsaunukan tsakiyar Faransa, sai su haɗu a arewa da birnin su zama wani faffaɗan bakin kogi da ake kira Gironde, wanda ke tafiyar kimanin kilomita 75 kafin ya shiga teku. Masu sana'ar sukan ce "gaɓar hagu" su nufi Médoc da Graves da Sauternes, su ce "gaɓar dama" su nufi Saint-Émilion da Pomerol da maƙwabtansu. Tsakanin kogunan biyu akwai wani babban yanki mai suna Entre-deux-Mers. A 2023 duka-duka gonakin inabin sun kai wajen hekta dubu 100, kuma mafi yawan abin da suke fitarwa jar giya ce. Ruwan sama yakan wuce milimita 900 a shekara, yana kuma iya zuwa a kowane wata, har da lokacin da inabi ke nuna. Riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin komai: matsalar manomin inabi a Bordo yawan ruwa ce. Dajin itatuwan pin na Landes yana tare masa iskar teku daga yamma, amma ba ya tare masa ruwa.

Médoc, inda mafi yawan manyan gandayen suke, fadama ce a da, ba mai yi mata kallon wurin arziki. A ƙarni na 17 ne injiniyoyi 'yan ƙasar Holan suka haƙa magudanai suka janye ruwan, sai wasu 'yan tuddai na tsakuwa suka fito fili. Kada ka ji tudu ka zaci wani abu mai tsayi. Wuri mafi bisa a duk Médoc bai wuce mita 40 da 'yan kai daga teku ba. In kana cikin mota ba lallai ka lura ka hau ba. Amma wannan 'yar tazarar ta mita kaɗan ita ke raba gonar da ruwa ke kwanciya a gindinta da wadda ruwa ke zarcewa.

Na taɓa shiga ramin da aka haƙa don nazarin ƙasa a wani gandu da ke kan irin wannan tudu, zurfinsa ya ɗara tsayina. Daga sama har zuwa wajen ƙirjina tsakuwa ce zalla, farare da masu ruwan toka, wasu kamar goro wasu kamar ƙwan kaza, duk ruwa ya goge su sun yi sumul, ɗan yashi ne kawai ke riƙe da su. Na sa yatsa na ɓamɓaro ɗaya, sai biyar suka biyo ta. Manomin gero in ya ga wannan wuri ba zai ɓata irinsa ba. Can ƙasa, wajen gwiwata, launin ya canza ya koma laka mai danshi, kuma ga saiwoyin inabi sirara kamar zare sun ratsa tsakuwar nan duka sun iso lakar. Watan Satumba ne, rana ta yi sanyi, amma da na fito na dafa tsakuwar da ke saman kunya, sai na ji ta da ɗumi kamar an sauke tukunya a kanta. Wani dattijo cikin ma'aikatan gonar ya nuna mini kogin da ke ƙyalli a nesa, ya faɗa mini abin da mutanen Médoc suka daɗe suna faɗa, cewa itacen inabi mai kyau shi ne wanda ke hango ruwa.

Wannan rami ya ƙunshi kusan duk abin da kimiyya ta tabbatar game da terroir. Wani masani na Jami'ar Bordo mai suna Gérard Seguin ya shafe shekaru yana nazarin ƙasar manyan gandaye, ya gano cewa ba wani sinadari na musamman da suka yi tarayya a kansa. Wasu tsakuwa ce, wasu laka, wasu farar ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne yadda ƙasar ke ba itacen ruwa: ba ta shayar da shi har ya ƙoshi, ba ta kuma bar shi ya mutu da ƙishi. Cornelis van Leeuwen, wanda ya ci gaba da wannan bincike a yankin Saint-Émilion, ya ƙara tabbatar da haka. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san tsiro. Itacen inabi in ya sami ruwa yadda yake so, sai ya yi ta miƙa rassa yana yin ganye, 'ya'yan su kumbura su yi salam. In ruwan ya ɗan yi masa ƙaranci daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, lokacin da 'ya'yan ke sauya launi, sai ya daina miƙa rassa ya mai da ƙarfinsa kan 'ya'yan. Su fito ƙanana, ɓawonsu ya yi yawa a kan ruwansu, launi da bauri da ƙamshi kuwa galibi a ɓawon suke. Sannan in aka yi ruwa ana dab da tsinka, tsakuwa ta zarce da shi ƙasa nan da nan, saiwa mai zurfi ba ta kwankwaɗe shi lokaci ɗaya, 'ya'yan ba su fashe su ruɓe ba. Saboda haka a shekarar da komai ya yi daidai, kusan kowa yakan sami amfani mai kyau. A shekarar ruwa da sanyi ne ake gane gonar ƙwarai.

Maganar dattijon nan ta hango ruwa ita ma tana da tushe. Faffaɗan ruwan Gironde yana riƙe ɗumi da dare. A ƙarshen Afrilun 2017 wani matsanancin sanyi ya sauka bayan inabi ya yi toho, ya ƙone sabon tsiro, amfanin Bordo na shekarar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Gonakin da ke jere a bakin Gironde mafi yawansu sun tsira, na can ciki kusa da daji da na cikin kwari su suka sha kashi. Château Latour (château shi ne gandu a bakin mutanen Bordo), ɗaya daga cikin na sahun farko a jerin 1855, zuciyar gonarsa wani fili ne na hekta 47 da ke kallon kogin kai tsaye.

A gaɓar dama labarin ƙasa daban ne. Garin Saint-Émilion yana kan wani faffaɗan dutse na farar ƙasa, wanda aka daɗe ana sassaƙa shi don gini har ƙarƙashinsa ya zama ramuka da hanyoyi. Irin wannan dutse kamar soso yake, yana shan ruwa lokacin da ya yi yawa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin da ya yi ƙaranci. Château Ausone, mai kimanin hekta 7 kacal, yana kan gangaren wannan dutse. A Pomerol kuma akwai wani ɗan tudu na laka mai shuɗi-shuɗi, mai kumbura in ta jiƙe, wadda ke riƙe ruwa gam ta ba itace da ƙyar. A kansa gandun Petrus yake, gonar da ba ta kai hekta 12 ba. Ka ga hanyoyi uku ke nan mabambanta, tsakuwa da farar ƙasa da laka, duk sun kai ga abu ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka terroir abu ne da mutum bai sa hannu ba. Mun ga 'yan Holan ne suka busar da Médoc. A ƙarshen shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira phylloxera ya iso daga Amurka ya yi wa gonakin kaca-kaca, kuma maganin da aka samu shi ne yi wa irin Faransa aure a kan gindin inabin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Har yau kusan kowane itace a Bordo saiwarsa ta Amurka ce. Maganin feshin nan na jan ƙarfe da farar ƙasa da ɗaliban noma ke karantawa da sunan haɗin Bordo, a nan aka gano shi. Masanin tsirrai Millardet ya lura cewa layukan bakin hanya a ƙauyen Saint-Julien na Médoc, waɗanda ake yayyafa wa wannan haɗi don kada masu wucewa su tsinka, su ne ganyensu bai kamu da fumfuna ba, ya bi diddigi har ya fitar da sakamakonsa a 1885. Yawan itatuwan da ake dasawa ma zaɓin mutum ne. A manyan gandayen Médoc sukan cusa har 10,000 a hekta ɗaya don su yi gasar ruwa a tsakaninsu.

Sai iri. Cikin jajayen inabin Bordo, Merlot ne ya fi yawa, wajen kashi biyu cikin uku. Cabernet Sauvignon na biye da shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sannan Cabernet Franc, sai 'yan kaɗan na Petit Verdot da Malbec da Carménère. Farare kuwa Sémillon da Sauvignon Blanc da Muscadelle ne. A 1997 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka tabbatar ta binciken ƙwayar halitta cewa Cabernet Sauvignon ɗa ne ga Cabernet Franc da Sauvignon Blanc, wato baƙi da fari ne suka haife shi.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne yadda iri ke bin ƙasa. Cabernet Sauvignon ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin ɓawo da yawan bauri, yana kuma jinkirin nuna. A wuri kamar Bordo da ƙyar yake kaiwa kafin sanyi da ruwan Oktoba su riske shi, don haka sai a tsakuwa mai ɗumi yake cika. In aka dasa shi a laka mai sanyi, sai ya tsaya da ɗanyen ƙamshi irin na ganye. Merlot yakan riga shi nuna da mako ɗaya zuwa biyu, ya fi shi zaƙi da taushi, yana kuma jin daɗin laka. Shi ya sa Médoc ta zama gidan Cabernet Sauvignon, gaɓar dama ta zama gidan Merlot da Cabernet Franc. Inda ƙasa ta saɓa wa wannan tsari, iri ma yakan saɓa: Château Figeac yana Saint-Émilion amma a kan tsakuwa yake, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gonarsa Cabernet Sauvignon ne. Kusan kowane gandu yakan dasa iri biyu ko uku ya haɗa su a ƙarshe. Ana yawan bayyana wannan a matsayin gwanintar ɗanɗano, amma ni a ganina asalinsa tsoron asara ne, irin na manomin da ke shuka gero da maiwa a shekara ɗaya. Merlot yana saurin toho, sanyin Afrilu na iya kama shi. Cabernet yana jinkiri, ruwan kaka na iya kama shi. Da wuya su faɗi tare. Irin da ake dasawa kuma ba a tsaye yake ba. Bayan mummunan sanyin Fabrairun 1956 da ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa, Malbec ya ja baya, Merlot ya cike gurbinsa. A 2021, saboda ɗumamar yanayi, hukumar INAO ta Faransa mai kula da sunayen asali, wato sunan yankin da doka ta keɓe wa kayan da aka noma a cikinsa, ta amince a gwada sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal, da sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona.

Sauternes kuwa wani abin mamaki ne na daban. Wani ɗan rafi mai sanyi da ake kira Ciron yana fitowa daga cikin daji ya shiga Garonne mai ɗumi, sai hazo ya tashi da safe a lokacin kaka, rana ta kore shi da hantsi. Wannan sauyi na danshi da bushewa yana sa wata fumfuna mai suna Botrytis ta huda ɓawon Sémillon, ruwan ya ƙafe, zaƙin ya taru. Abin da a wani wuri ruɓa ce, a nan shi ake roƙo. Masu tsinka sukan zaga gona sau da yawa suna zaɓen 'ya'yan da suka yamutse kawai. A Château d'Yquem akan ce itace guda kofi guda yake bayarwa, kuma akwai shekarun da suka ƙi fitar da komai da sunansu, kamar 1992 da 2012.

To, yanzu mu zo kan jerin darajar. Cinikin Bordo da Ingila tsoho ne, tun 1152, lokacin da Eleanor ta Aquitaine, mai mulkin yankin, ta auri Henry da ya zama sarkin Ingila, abin da ya sa yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Ingila har 1453. Kasuwar tana da tsari wanda ba zai zama baƙo gare ka ba: mai gona yana sayar wa manyan 'yan kasuwar birni, dillali na tsakani yana karɓar la'adar kashi 2 cikin 100. Ma'aunin ciniki shi ne tonneau, lita 900, wato ganga huɗu masu lita 225. Dillalan nan suna rubuta farashin kowane gandu shekara da shekaru, har ya zama kowa a kasuwa ya san wane ne na gaba, wane ne na baya. Lokacin da Thomas Jefferson ya ziyarci Bordo a 1787, kafin ya zama shugaban Amurka, gandaye huɗun da ya rubuta a matsayin na sahun farko su ne dai huɗun da za su fito a kan gaba bayan shekara 68.

A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya babban bikin baje koli a Paris. Majalisar 'yan kasuwar Bordo ta nemi ƙungiyar dillalai ta ba ta jerin manyan gandaye don a nuna a can. Cikin kimanin mako biyu suka miƙa shi, ranar 18 ga Afrilu. Ba wanda ya haƙa rami, ba a kuma shirya gasar ɗanɗano ba. Littattafansu na ciniki suka buɗe, suka jera sunaye bisa kuɗin da aka saba biya. Jajaye suka kasu aji biyar. A aji na ɗaya akwai Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, kuma Haut-Brion ne kaɗai ba na Médoc ba. Farare masu zaƙi na Sauternes da Barsac aka yi musu nasu jerin, aka ɗora Yquem shi kaɗai a bisa kowa. Gaɓar dama ba ta shiga ba sam, domin cinikinta ta garin Libourne yake bi, ba ta birnin Bordo ba, farashinta a lokacin kuma bai kai ba. A yau jerin jajayen yana da gandaye 61: biyar a aji na ɗaya, 14 a na biyu, 14 a na uku, 10 a na huɗu, 18 a na biyar. Ƙauyen Pauillac na Médoc shi kaɗai yana da 18, uku daga cikinsu na sahun farko.

Takardar da aka yi don bikin 'yan watanni ta shekara 170 tana aiki. Ban da ƙara gandun Cantemerle da aka yi tun a farko-farko, sau ɗaya tak aka ɗaga wani. Baron Philippe de Rothschild ya shafe shekaru da dama yana fafutukar a mai da gandunsa Mouton aji na ɗaya, har taken gidan yana cewa na ɗaya ya gagare ni, na biyu na raina shi, ni dai Mouton ne. A 1973 aka amince, Jacques Chirac yana ministan noma.

Ga inda tambayarka ta fi ƙarfi, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Darajar 1855 a jikin sunan gandu take, ba ta bin fili. In gandu mai daraja ya sayi gonar maƙwabcinsa marar daraja a cikin yankin ƙauye ɗaya, inabin wannan gona yana iya shiga kwalbarsa ya ci darajarsa. In ya sayar da wani yanki ga wanda ba ya cikin jerin, yankin ya tashi a tutar babu, alhali tsakuwar ba ta motsa ba. Gandaye da yawa a yau sun fi girman da suke da shi a 1855 nesa ba kusa ba. Kwatanta da Bourgogne, a gabashin Faransa, inda filin ne ke da daraja ko a hannun wa yake. Clos de Vougeot fili ne na kimanin hekta 50 da ke hannun masu shi wajen 80, kowannensu yana da ikon sa sunan a kwalbarsa. Can an daraja ƙasa an bar gwanintar manomi ga mai saye ya tantance. A Médoc an daraja gida an bar shi ya zaɓi ƙasarsa.

Duk da haka ba zan ce maka jerin shirme ne ba, domin in ka ɗora taswirar gandayen aji na ɗaya da na biyu a kan taswirar ƙasa, za ka ga galibinsu suna kan tuddan tsakuwa mafi zurfi, kusa da kogi. Masu saye na shekara ɗari ba su san ilimin saiwa ba, amma sun san gandun da ba ya ba su kunya a muguwar shekara, suka riƙa biyansa da tsada. Ta haka farashi ya zama shaidar ƙasa, ko da yake shaida ce ta bayan fage. Matsalar ita ce daga nan abin yana ciyar da kansa. Mai daraja yana sayarwa da tsada, tsadar ta ba shi halin gyara magudanai, da ɗaukar ma'aikata masu tsinka da hannu, da ware duk abin da bai kai ba ya sayar da shi da wani suna na biyu, kamar Les Forts de Latour ko Carruades de Lafite. Maƙwabcinsa mai ƙasa kusan iri ɗaya ba shi da halin zubar da rabin amfaninsa. Bayan shekara hamsin, wa zai iya rarrabe maka nawa ne na ƙasa nawa ne na kuɗi? Kasuwa dai takan yi nata gyaran. Lynch-Bages na aji na biyar ne amma ana sayensa kamar na aji na biyu, Palmer na aji na uku ne amma ya fi yawancin na biyu tsada.

Mutanen Saint-Émilion sun so su guje wa wannan daskarewa. Nasu jerin ya fara fita a 1955, da sharaɗin a sake duba shi kusan duk shekara goma. A takarda wannan ya fi adalci, kuma har yanzu ina ganin ya fi. Amma da yake hawa ko sauka na iya sauya kuɗin gona da miliyoyi, sai abin ya koma shari'a. Waɗanda aka sauke a 2006 suka garzaya kotu har aka soke jerin. A 2012 aka ɗaga Angélus da Pavie zuwa matakin ƙoli kusa da Ausone da Cheval Blanc. A 2021 Ausone da Cheval Blanc suka janye gaba ɗaya, suna ƙorafin cewa ana ba talla da karɓar baƙi nauyin da ya kamata a ba ƙasa da abin da ta fitar, Angélus ma ya bi su a farkon 2022. Jerin 2022 ya fito da gandaye 85, Figeac da Pavie ne kaɗai a ƙoli. Ka kuma kiyaye wani tarko: rubutun "Saint-Émilion Grand Cru" sunan yanki ne mai ƙa'idoji, ɗaruruwan gonaki ke amfani da shi, sai an ƙara kalmar "Classé" sannan ake nufin jerin daraja. Graves tana da nata jerin na 1953 da aka gyara a 1959, mai gandaye 16. Gandayen Médoc da ba su shiga na 1855 ba suna da Cru Bourgeois tun 1932, shi ma kotu ta taɓa soke na 2003. Pomerol kuwa ba ta taɓa yin jeri ba, amma Petrus ya fi duk na sahun farkon Médoc tsada.

Akwai abin da ke damuna duk lokacin da ake wannan hira. Duk waɗannan sunaye ɗan ƙaramin kaso ne na abin da Bordo ke fitarwa. Dubban manoma ba sa cikin kowane jeri, suna sayarwa a dunƙule, kuma a 'yan shekarun nan farashin tonneau na jan Bordo na gama-gari ya faɗi ƙasa da yuro 1,000, abin da ba ya mayar da kuɗin noma. A 2023 aka fito da shirin biyan manoma yuro 6,000 a kowace hekta don su tumɓuke itatuwansu, ana nufin wajen hekta 9,500. Na ratsa Entre-deux-Mers na ga filin da aka tumɓuke, an tara baƙaƙen kututture da wayoyi a gefe ana jiran a cinna musu wuta, layukan da suka bari a ƙasa har lokacin suna nan a miƙe. Tafiyar sa'a ɗaya ce daga nan zuwa Pauillac.

Tunda tattalin arzikin noma kake karanta, ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Dokar sunan asali da Faransa ta kafa a 1935 ita ce uwar tsarin da OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha, ke bi a Afirka, wanda ya yi wa barkonon Penja na Kamaru rajista a 2013, daga baya kuma kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu. Albasar Galmi tana fuskantar tambayar da ka yi mini daidai wa daida. Irinta ya bazu, ana shuka shi a ƙasashe da dama na yammacin Afirka da wannan suna, kamar yadda ake dasa Cabernet a Chile da Ostareliya. In ana so sunan ya amfani manomin Galmi, dole a iya nuna abin da ƙasar wurin da ruwanta da hannun mutanenta ke ƙarawa wanda iri shi kaɗai ba ya ɗauke da shi, a kuma shata iyaka a ce daga nan zuwa nan. In za ka yi bincike a kan haka, fara da abu biyun da suka gina Bordo: haƙa rami a gonakin da 'yan kasuwa suka fi so da waɗanda ba su damu da su ba, sannan ka zauna da tsofaffin dillalan albasa ka rubuta gonar wa suka saba biya da tsada, da kuma tun yaushe.